Katakon da aka rataya wa yaran Wales, mu ma muna da irinsa

A gida, duk farin mutumin da ya fito daga tsibirin Birtaniya Baturen Ingila ne a wurinmu. Da wannan fahimtar na sauka Kadif, babban birnin Wales, shekara shida da suka wuce. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi ya fara gyara mini. Muna hira ta kan shinge na ce masa "ku mutanen Ingila", sai fuskarsa ta canza. Ya ce shi ba ɗan Ingila ba ne, kakanninsa ma ba su ba ne. Bai ɗaga murya ba, amma na gane na fama tsohon miki.

Mikin kuwa ya daɗe. A 1282 sojojin Sarkin Ingila Edward na ɗaya suka kashe Llywelyn ap Gruffudd, wanda ke riƙe da sarautar Wales, sannan sarkin ya gina manyan ganuwoyin dutse a Caernarfon da Conwy da Harlech don ya danne ƙasar. A 1301 ya naɗa ɗansa Yariman Wales, kuma har gobe magajin gadon sarautar Ingila ne ke amsa wannan suna. Wani basaraken Wales, Owain Glyndŵr, ya yi tawaye a 1400, ya fi shekara goma yana fafatawa, bai kai labari ba. Ranar da na tsaya gindin ganuwar Caernarfon, Burmi ce ta faɗo mini a rai, inda sojojin Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903.

Amma abin da ya fi tsaya mini a zuciya shi ne harshe. Dokar Sarki Henry na takwas ta 1536 ta haɗe Wales da Ingila, ta ce kotu da Turanci za a yi, kuma wanda ba ya jin Turanci ba zai riƙe muƙami ba. Can cikin ƙarni na 19 sai ga wani ɗan katako a wasu makarantu, an sassaƙa masa haruffa biyu, WN, wato "Welsh Not", ban da yaren Wales. Yaron da aka ji yana yarensu sai a rataya masa a wuya. Hanyar da zai rabu da shi ɗaya ce: ya kamo wani yaron yana yaren, ya miƙa masa. Wanda aka tashi da katakon a wuyansa shi zai sha bulala. Ku duba wannan mugunta, an mai da yaro ɗan leƙen asirin abokinsa. Abin da ya fi ciwo, ba doka ce daga Landan ta kawo katakon ba. Malaman 'yan Wales ne, iyaye da yawa ma sun goyi baya, don sun ga abinci yana wajen mai Turanci.

Da dattijon ya ba ni wannan labari jikina ya yi sanyi, domin na san shi. A makarantar da na yi, monita yana da takarda ta musamman ta masu "banakula". Ka yi Hausa, sunanka ya shiga, ranar Juma'a ko tara ko bulala. Babu Bature ko ɗaya a wurin.

Mutanen Ailan, tsibirin da ke maƙwabtaka da su wanda shi ma Ingila ta mulka, tasu ta fi jini. Cromwell, jagoran sojojin Ingila, ya yi kisan gilla a garin Drogheda a 1649. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan suka yi hijira, alhali jiragen ruwa na fita da hatsi da dabbobi daga ƙasar. Sun ɗauki makami a 1916, suka samu ƙasarsu a 1922, ban da gundumomi shida na arewa, inda rikici ya ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. Sun samu tuta da gwamnati, amma a ƙidayar 2022 masu yin harshen Ailan kullum a wajen makaranta ba su wuce kimanin 72,000 ba.

'Yan Wales ba su samu ƙasa tasu ba, harshen suka riƙe da haƙori. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn, inda kowa yaren Wales yake yi, don a yi madatsar ruwa ga birnin Liverpool, duk da babu ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya jefa ƙuri'ar amincewa. Fushin wannan bai huce ba. A 1980 Gwynfor Evans, wani jagoran siyasar Wales, ya ce zai daina cin abinci har ya mutu idan gwamnatin Firaminista Thatcher ba ta cika alkawarin tashar talabijin ta yarensu ba. Gwamnati ta ja baya, tashar, mai suna S4C, ta buɗe a 1982. Yau allon hanya da takardar asibiti duk harshe biyu ne, masu jin yaren kuma kimanin 538,000 ne a ƙidayar 2021, ba su kai mutanen wasu ƙananan hukumomin birnin Kano ba.

Mu fa? Turawan da suka ci mu da yaƙi ba su hana mu Hausa ba. Jami'ansu ma jarrabawar Hausa suke zaunawa, don mulki ya zo musu da sauƙi, kuma a zamaninsu aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Muna da masu magana miliyoyi, shi ya sa muke ganin babu abin da zai taɓa harshen. To mutanen Ailan ma miliyoyi ne ke yin nasu kafin yunwar nan. Ban ce kada yaro ya koyi Turanci ba, da shi nake ci a nan. Abin da nake ƙi shi ne a koya masa jin kunyar harshen da uwarsa ta yi masa reno da shi, kuma a karɓi kuɗin ubansa a kan haka.

'Yata tana firamare a nan Kadif, kuma dole ta yi darasin yaren Wales har ta kai shekara 16, doka ce. Makon jiya na kira ƙanina a Kaduna, ya ba ɗansa waya mu gaisa. Na ce masa, "Yaya karatu, ɗana?" Ya amsa da Turanci. Na sake da Hausa, ya sake da Turanci. Uban ya karɓi wayar ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, a makarantarsu ne aka hana, har gida ma sun ce mu riƙa yi masa Turanci."