Ganye zai iya maganin cutar MS? A fara nuna mana gwajin mutane tukuna

Duk bayan 'yan watanni sai labari ya ɓullo a intanet wai an gano wani ganye ko saiwa da ke maganin cutar nan da likitoci ke kira multiple sclerosis, a taƙaice MS, in ka daure ka karanta har ƙasa sai ka tarar ashe a jikin ɓeraye aka yi gwajin. Ni fa ba na cikin masu raina tsirrai, amma gaskiya an cika saurin buga ganga a wannan magana.

Ita wannan cuta garkuwar jikin mutum ce ke juyowa kansa, ta riƙa cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wadda ake kira miyelin, kamar dai a ce an kankare robar da ke jikin wayar lantarki, saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar ko ya yanke a hanya. Mutum kusan miliyan 2.8 aka ƙiyasta suna ɗauke da ita a duniya a 2020, mata sun ninka maza, kuma ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40.

To ga inda gizo ke saƙar. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar da nau'in da ke tasowa ya lafa suke farawa. Mace ta wayi gari ido ɗaya ya yi hazo, in ta juya shi ya yi zafi, ƙafa ta yi nauyi kamar ba tata ba, ana cikin haka wani ya kawo mata kwalbar ƙwayoyin kurkum, bayan wata guda ido ya washe. Wa zai gaya mata ba kurkum ba ne? Alhali ko ba ta sha komai ba galibi haka zai lafa, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Kuma lafawar ba warkewa ba ce, sau da yawa mutum na jin garau amma hoton MRI na nuna sababbin tabo a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa a wannan cutar shaidar "na sha na ji sauƙi" ba ta da nauyi ko kaɗan, ko da mai faɗa gaskiya yake faɗa tsakaninsa da Allah.

Ba wai ba a taɓa dacewa ba. Maganin fingolimod da Amurka ta amince da shi a 2010 asalinsa daga wani sinadari ne na naman gwarin Isaria sinclairii, dangin wanda masu maganin gargajiya a Sin suka daɗe suna amfani da shi, masana a Japan suka ciro sinadarin suka yi ta gyara shi saboda na asalin yana da guba. Duk da haka ranar da mutum zai fara sha sai an zaunar da shi awa 6 ana duba bugun zuciyarsa don maganin yana rage shi. Akwai kuma Sativex, feshin baki da ake yi daga tabar wiwi, Birtaniya ta ba shi lasisi a 2010, amma aikinsa sassauta ɗaurewar tsoka ne kawai, bai hana cutar ci gaba.

Sauran kuwa da aka kai su gaban mutane sai labari ya sha bamban. Ganyen wata bishiya da ake kira ginkgo an yi ta yabonsa wai yana kaifafa tunani, aka gwada shi a Amurka a kan masu MS 120 na mako 12, sakamakon da ya fito a 2012 bai nuna ya fi ƙwayar bogi ba. Sinadarin koren shayi ya yi abin a zo a gani a ɓeraye, da aka tattara shi da ƙarfi aka ba mutane sai da aka dakatar da wani gwaji saboda ya fara taɓa hanta. Kurkum ɗin ma matsalarsa hanji ba ya tsotse shi sosai, kaɗan ne ke isa jini balle ƙwaƙwalwa. Su ɓerayen nan ma ai ba MS gare su ba, allura ake musu a haddasa wani ciwo mai kama da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne mai ajiye maganin asibiti ya koma ganye zalla, don jijiyar da ta mutu a wannan tsakanin ba ta dawowa. Sai kuma masu haɗawa a ɓoye. Ganyen St John's wort da ake sha don damuwa yana sa hanta ta yi saurin narkar da magunguna da yawa, ƙarfinsu ya ragu a jini mutum bai sani ba, likita kuma yana can yana mamakin me ya sa magani ya daina aiki, don ba wanda ya nuna masa kwalbar.