Azurfar Ingila da masu ɗora ta a sikeli

Jiya na tura wa wani abokina hoton wani kofin azurfa da na gani a gwanjo, aikin Gerald Benney, wani shahararren maƙerin azurfa ɗan Ingila, tambayar farko da ya min wai giram nawa ne. Giram nawa fa! Wallahi sai da raina ya ɗan sosu, don irin wannan lissafin ne ya ci kayan azurfa masu yawa a 1980, lokacin da farashi ya kusa dala 50 kan oza ɗaya, mutane suka dinga kwasar butocin shayi da cokulan kakanninsu suna kaiwa a narkar.

Ni dai ra'ayina, in za ka tara irin kayan nan to hannun maƙerin kake saye, ƙarfen bi-ta-bayan ne. Shi Benney ɗin nan da guduma mai lalatacciyar fuska ya bugi azurfa bisa kuskure, sai ta bar wani zane kamar ɓawon itace, maimakon ya jefar da gudumar sai ya riƙe abin, har ya zama da shi ake gane aikinsa tun daga nesa, ga shi kuma shatin yatsa ba ya fitowa a jiki kamar yadda yake yi a mai sulɓi. Ka narkar da wannan me ya rage maka? Dunƙule.

Cikin irin waɗannan masu hannu ga David Mellor ɗan Sheffield, wanda ya zana cokulan da ake kira Pride a 1953 yana ɗalibi, shi ne kuma ya zana fitilun ba da hannu na titunan Birtaniya, kun ji mutum. Stuart Devlin kuwa daga Ostareliya ya zo Landan, shi ya zana sulallan ƙasarsu na 1966.

Abin da ya fi burge ni shi ne hatimi. Tun 1300 doka a Ingila ta ce sai an gwada azurfa an buga mata alama kafin a sayar. Ka juya cokali ka duba bayansa da madubin ƙara girma, 925 na nufin kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla, ga alamar garin da aka gwada shi, kan damisa Landan ke nan, angar jirgin ruwa Birmingham (garin da ko teku babu, abin dariya), fure Sheffield, gidan sarauta mai hasumiya Edinburgh, sannan ga haruffan sunan mai kayan. Cokali guda amma ya faɗa maka garin da aka gwada shi da ubangidansa.

To amma fa a nan nake da ƙorafi da masu tarawar su kansu. Haruffan nan sau da yawa na mai shagon ne, shi ya yi zane, amma akwai wanda ya zauna ya ɗaga kofin daga faifan azurfa da guduma, akwai mai sassaƙa ado, akwai mai gogewa da yake shaƙar ƙura yini guda, duk ba wanda sunansa ya hau. Ana ta Benney Benney a wajen gwanjo, yaran shago kuwa shiru. Sai ya tuna min maƙeran farinmu da suka narkar da tsofaffin sulalla suka ƙera mundaye da zobba, kaka ta bar miki munduwa kina sawa amma ko sunan wanda ya yi ba ki sani ba, su ko hatimin ma babu.

Kofin dai ban saya ba, kuɗin ya fi ƙarfina. Abokin nawa kuma har yanzu yana jira in faɗa masa giram ɗin.