Tsohuwar nan mara lafiya ce, ku daina kiranta mayya

Akwai wani bidiyo da ake yaɗawa na wata tsohuwa da aka taru a kanta ana kiranta mayya. Wanda ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyon tsohuwar nan, da masu yaɗa shi suna liƙa alamar dariya, ku ji tsoron Allah. Mace ta yi jika da kowa a wurin, zani a karkace, takalmi ƙafa ɗaya, ana tambayarta unguwarsu tana kiran sunan wani ƙauye da mahaifinta. Sai wani ƙato ya ɗaga murya wai ta fara tona asirin kanta. Asirin me? Baiwar Allah ta fito daga gida ta manta hanya. Mara lafiya ce.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai gigin tsufa ya gane ta tun kallon farko. Haka suke yi. La'asar sakaliya sai ta ƙulle tsummokaranta ta ce za ta tafi gida, alhali a ɗakinta take, gidan da take nufi kuwa na iyayenta ne da suka rasu tuntuni. Ta cusa kuɗi cikin kwalla ta manta, ta ce matar ɗanta ta sace. Ta ci tuwo, ana ɗauke kwano ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Ciwon yana fara cin sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, shi ya sa take tuna ranar aurenta tsaf amma ba ta san jikan da ya kawo mata ruwan alwala ba.

Na san masu cewa to kai kana musun maita ne. Ba zan tsaya wannan gardamar ba, domin ba wanda ya ga komai a bidiyon nan sai tsohuwa mai jin tsoro. A Kafaba ta ƙasar Ghana, a 2020, haka aka taru a kan Akua Denteh, mai shekara 90, aka doke ta har ta cika, ana ɗauka a waya. Daga irin wannan ihun ake farawa.

Masu cewa ai tsufa ne kawai, su ma su sake tunani. Muna da dattawa da suka haura 90 suna lissafin gadon gona ba kuskure. Abin da ya sami tsohuwar bidiyon nan ciwo ne mai suna Alzheimer, tun 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana shi a kan wata mata da ta fara ruɗewa tana da shekara 51. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da irin wannan mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe irin namu. A nan Ibadan ma tun 1992 likitoci suka shiga binciken tsofaffi a kansa. Ban san daga ina aka samo zancen ciwon Turawa ne ba, alhali Suratun Nahli ta yi maganar wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani, kuma Annabi (SAW) ya nemi tsari daga hakan. Mun haddace ayar, mun ga mai ciwon a titi mun ɗauki dutse.

Mara lafiya ce, kuma asibiti ake kai mara lafiya. Gaskiya ne har yau ba a sami maganin da ke warkar da Alzheimer ba. Amma akwai ruɗewar da ke gyaruwa idan likita ya duba: ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon sanyin fitsari, ko magungunan da aka haɗa wa tsoho barkatai daga kemis. A yi addu'a, a kuma je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Dawanau ko Kware. Kulle ta a ɗaki da kwaɗo don gudun abin kunya zalunci ne. A ɗinka mata lambar waya a cikin riga, a sanar da maƙwabta da mai shagon bakin layi. Idan ta ce za ta gida, kada a yi mata tsawa, a ce Inna bari mu sha shayi tukuna.

Tun da na taɓo maganar, ku maza da ke Abuja da Legas kuna turo kuɗi ƙarshen wata, ku sassauta wa matar da kuka bar wa jinyar. Ita ke wanke zanin gado da asuba, ita ke kwana a bakin ƙofa kada Inna ta fice, ita ake kira ɓarauniya a gaban baƙi. Ka zo hutun Sallah, Inna ta kai ƙara, ka hau matar da faɗa ba ka tambaya ba. Ka taɓa tambayar nawa ake sayar da kunzugun manya yanzu? Ka zo ka karɓe ta na mako biyu ta je ta ga nata iyayen.