Yarinyar nan ba ta yi kuskure ba, ku ne ba ku san kalmar ba

Tun jiya kuke ta yawo da bidiyon ɗalibar nan ta gasar muhawara, kowa yana zuba dariyarsa a ƙasa. Manya da gemu, wasu har da digiri, kun taru a kan 'yar sakandare. Wai laifinta ta ce tsadar man fetur "has aroused the anger of the people", wato ta tada fushin jama'a. To ku ji da kyau: jimlar nan daidai take. Ko a tsakiyar Landan ta faɗe ta, babu mai ce mata uffan.

Abin da ya faru shi ne ma'ana ɗaya tak kuka sani ta arouse, wato ta motsa sha'awa, sai kuka ɗauka iyakarta ke nan. Bature kuwa kullum cikin faɗin arouse suspicion yake, wato jawo zargi, da arouse interest, da arouse anger. Ku buɗe jaridunsu ku gani.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu Hausawa ne ya kamata mu riga kowa ganewa. Ba mu da "tada"? A tada mutum daga barci, a tada hankali, a tada tarzoma, a tada mota, a tada zaune tsaye, a kuma tada sha'awa. Wa ya taɓa jin kunya don direba ya ce zai tada mota? Haka tasu take, kalma ɗaya mai rassa da yawa.

Asalin arouse daga kalmar rouse ne. A ƙarni na 15 maharban Ingila masu farauta da shaho ke amfani da ita, idan tsuntsun ya girgiza gashin jikinsa. Daga nan ta koma tada naman daji daga maɓoyarsa, sannan tada mai barci. Arouse ta fito daga jikinta ne wajen ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda ake da rise da arise. Ma'anar da kuke wa dariya daga baya can ta shigo, ta tarar da sauran, kuma ba ta kore su ba. Ku tambayi duk wata nas: idan ta rubuta a katin marar lafiya cewa yana rousable, nufinta idan an kira shi ko an taɓa shi yana farkawa. Rousing welcome ɗin da 'yan jaridarmu ke rubutawa duk lokacin da gwamna ya dawo daga tafiya, wato gagarumar tarba, ita ma 'yar gidan ce.

Na ga masu cewa ai da kalmar Turancin nan wake ta yi amfani da ta huta. Wake ta tashin barcin yau da kullum ce, mama ta tashe ka sallar asuba. Ba nan ne gurbinta ba. Wasu kuma sun ce harshe yana sauyawa, yanzu waccan ma'anar ta rinjaya. A bakin wa ta rinjaya? Gaskiya ne idan ka ce wane yana aroused ka yi shiru, tunanin mutane can zai tafi. Amma yarinyar ta faɗi abin da aka tada, fushi ta ce, kuma kun ji ta da kunnenku.

Ku sake kallon bidiyon. Takardar da ke hannunta rawa take yi, tana gyara hijabi da ɗaya hannun, amma ta kai jimlarta har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Wallahi zuciyata ta karye da na tuna za ta iya karanta abin da kuka rubuta. Irin wannan ne ke sa yaranmu su kulle baki a aji, sai ranar jarrabawar WAEC mu dawo muna kukan sun faɗi Turanci.

Ga ƙamus kyauta a cikin wayar da kuka yi dariyar da ita. Ita kuwa ban sani ba ko makarantarsu na da ko guda. Ta unguwarmu dai ɗakin karatunta da kwaɗo yake tun bara, an mai da shi wurin ajiye karyayyun kujeru, kuma duk zangon karatu sai an karɓi kuɗin laburare a hannun iyaye. Ranar taron iyaye da malamai mai zuwa sai an gaya mana inda kuɗin ke tafiya.