Ajuji ba sunan wulaƙanci ba ne

Sau da yawa idan yara suka ji an kira wata dattijuwa da Ajuji, sai su yi ta ƙyalƙyala dariya, wasu manya kuma su ce ai iyayenta ne ba sa son ta, shi ya sa suka haɗa ta da bola. Wannan fassara tana yi mini ciwo, domin ta juya zancen baibai.

Gaskiya ne kalmar daga "a juji" take, wato a kan bola. To amma wa ake raɗa wa ita? 'Yar da uwarta ke fama da wabi, wato ta haifi biyu ko uku duk suna komawa tun suna jarirai. Mutanen da suna ganin akwai abin da ke bin 'ya'yan da aka ɗora wa rai. Saboda haka idan aka sake haihuwa, sai a nuna kamar ba a damu ba. A wasu gidajen har a ajiye jaririyar a kan juji na ɗan lokaci, wata tsohuwa ta ɗauko ta kamar tsintuwa, uwar tana ɗaki zuciyarta na dukan uku-uku. Tsananin so ne da fargaba.

Ayashe ma haka yake, daga "a yashe ta". Barmani kuwa roƙo ne ƙarara: a bar mini wannan.

Kuma Ajuji lakabi ne. Ranar suna liman ya raɗa mata sunan yanka, Hauwa ko A'isha, lakabin ne kawai ya danne shi a bakin mutane.