Masu walda, ku daina kashe mana aksil da sunan kariya

Wallahi abin da ake yi wa masu motocin shiga daji a wannan yanki namu ya isa haka nan. Mutum ya tara kuɗinsa da gumin goshinsa, ya je gareji don a kare masa aksil, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi a ƙarƙashin mota, daga dutse, sai a ɗauko guntun ƙarfen da aka yanko daga tsohuwar tankin ruwa ko ƙyauren shago, a liƙa masa da walda, a karɓi kuɗi masu nauyi, a ce Alhaji sauka lafiya. Ba a tambaye shi wace hanya yake bi ba, ba a tambayi kayan da yake ɗauka ba, ba a auna komai ba. Kafin damina ta fita motar ta fara kuka daga baya, mai na tsiyaya a jikin taya, shi kuwa mai aikin ya ce hanya ce ba ta da kyau. Eh, hanya ba ta da kyau, ai dalilin zuwanmu wurinka ke nan!

Duk wanda ke tashi daga Zuru ya nufi Ribah, ya miƙa Wasagu ko Bena, ko ya ratse ƙauyukan Sakaba da Fakai ɗauko masara da dawa, ya san irin ƙasar da muke takawa. Ƙasar dutse ce, kuma ruwan sama na sauka sosai. Da an shiga watan Agusta manyan motoci sun riga sun haƙe hanya gida biyu, rami a dama, rami a hagu, tudu a tsakiya, a cikin tudun nan kuma akwai duwatsun da laka ta lulluɓe. Tayoyin Hilux na faɗawa cikin ramukan, ƙoƙon aksil na baya da ke tsakiyar mota shi ke cin karo da tudun. Tsakanin gindin ƙoƙon nan da ƙasa bai fi taƙi guda da 'yan yatsu ba, babu abin da ya kai shi kusa da ƙasa in ban da taya. A cikinsa ne farfela, wato sandar da ke kawo ƙarfin inji, ke juya ƙaramin giya, ƙaramin ya juya babban, sannan wasu ƙanana su raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu yadda ta waje za ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Duk wannan aiki cikin man da bai cika galan guda ba ake yin sa. In dutse ya fasa gindin ko ya kwance notin zubar da mai, man ya tsiyaye kana tafiya ba ka sani ba, sai dai ka ji ƙara da wari, aikin gama ya gama.

Ƙaryar farko da ake sayar mana ita ce ɗaga mota. A ƙara maka ganyen sifirin, a tsawaita maƙalan sifirin, mota ta yi tsayi kana kallonta kana murna. To jiki ne ya tashi, ƙoƙon yana nan inda yake, domin a kan tayoyi yake zaune. Abin da ke ɗaga shi taya ce kaɗai, ita ma in ta fi tsohuwar tsayi da inci 2, inci 1 ka samu a ƙasa. Mai garejin ya san wannan ko bai sani ba, duka biyun abin takaici ne.

Ni da kaina na kai Hilux ɗina wani gareji a Birnin Kebbi. Na faɗa wa mai wurin ƙarara cewa faranti nake so mai noti, wanda zan iya kwancewa in sake ɗaurawa, a bar min ƙofar zubar da mai. Ya ce an gama. Na tafi sallar azahar, na dawo na tarar yaronsa kwance a ƙarƙashin mota, tartsatsi na tashi, ya kusa zagaye ƙoƙon da walda. Man yana ciki ba a zubar ba. Wayar as ɗin injin waldar kuwa, wadda wuta ke komawa ta cikinta, a jikin notin taya ya maƙala ta, wato wutar sai ta ratsa ta cikin boris, ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu, kafin ta isa inda ake aiki. Na ce Malam, haka muka yi da kai? Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, wanga ƙarhe ko tirela ta hau shi ba ya lanƙwashewa. Noti kwancewa yake yi, walda ta fi." Na durƙusa na leƙa. Notin zubar da mai ya shige bayan faranti, babu ramin da sufana za ta shiga. Na ce to ranar canjin mai fa? Ya ce a zuƙe ta sama da tiyo.

A zuƙe ta sama! Notin nan na ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa, aikinsa ya kama garin ƙarfen da giya ke zubarwa. Duk ranar canjin mai ana kwance shi a duba, in garin laushi ne a goge, in kuwa ɓarɓashi ne masu kaifi ka san wani abu na cin wani abu a ciki, ka nemi gyara tun kafin ya kwantar da kai. Wanda ya rufe maka wannan noti ya rufe maka ido. Kuma ruwa da dauɗa a ƙasa suke kwanciya, tiyo ba ya kwashe su tas.

Ba a daɗe ba sil ɗin gefe, wato robar da ke tare mai, ya fara yoyo, mai ya gangara cikin birki, ka taka ka ji motar na jan gefe guda. Boris ya soma gurnani da zarar an ɗan yi gudu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, na shiga da lafiyayyen aksil na fito da maras lafiya, kuma ni na biya.

Kada wani ya ce na tsani walda. Ana walda kariya a ƙoƙon aksil, musamman na Hilux da ƙwaryarsa ƙarfe ne da aka haɗe ba ta da murfin baya mai noti. Amma mai sanin aiki sai ya zubar da mai, ya zare shaf ɗin da ke juya taya, ya ciro kan giyan ya ajiye gefe, ya maƙala as a jikin ƙwaryar daf da wurin aiki, ya riƙa ɗinki gajere-gajere yana tsallake wuri yana barin ƙarfe ya huce. Zafi mai yawa a gefe guda yana jan ƙarfe, aksil ya karkace kaɗan yadda ido ba ya gani, daga nan sil da boris ba za su sake zama lafiya ba komai sabuntarsu. Wannan aikin yini ne. Su kuma so suke su gama kafin shayi ya huce su kama na gaba.

A gaba lamarin daban ne, kuma nan ma ana tafka ɓarna. Land Cruiser samfurin 70, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1984, aksil ɗinsa na gaba sanda guda ne irin na baya. Hilux ɗin da suka cika hanyoyinmu kuwa, na 2005 zuwa yau, kowace tayar gaba da nata hannu, ƙoƙon gaba a jikin shasi yake ɗaure, shaf biyu masu rigar roba ke kai ƙarfi ga tayoyi. A nan farantin jikin shasi ya kamata a ɗaura shi da noti, ya rufe kwanon baƙin mai da ƙoƙon gaba, in da hali a ƙara wani a ƙarƙashin akwatin giyar taimako, wadda ke sa duka tayoyi huɗu su ja. Kaurin ƙarfen kada ya gaza milimita 3, mai bin dutse kullum ya nemi 4 zuwa 6. In alminiyam ne sai ya fi haka kauri kafin ya yi aikin. Gabansa ya zama a karkace yadda mota za ta zame a kan dutse maimakon ta kafe. Kawunan notin su nutse ciki, don in suka fito waje dutse na farko zai aske su, ranar kwancewa sai da injin yanka. A huda ramuka na mai da na fitar laka. Me muke gani? Faranti shafe babu huda ko ɗaya, laka ta taru a kai ta bushe ta riƙe zafi, da rani kuma busasshiyar ciyawa ta cushe kusa da salansa. Na ga wanda aka sauko masa da faranti ƙasa har ya cinye masa yatsu uku na tsayin da yake taƙama da shi. Na ga wanda gefen farantin ke gogar robar shaf duk lokacin da aka karya sitiyari, robar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga. Har na ga wanda aka haɗe masa aksil na baya da shasi da ƙarfe guda, alhali aksil hawa da sauka yake yi tare da sifirin. Ramin farko ya tsinke waldar.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kariyar da ta fi kowace araha babu mai ambatonta, saboda ba ta kawo kuɗi. A saman aksil akwai ɗan hanci da yake numfashi ta ciki. Ka yi tafiya aksil ya ɗau zafi, ka faɗa rafi mai sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, sai ya zuƙo abin da ke kusa, ko ta hancin ko ta bakin sil. Abin da ke kusa kuwa ruwa ne da laka. Ka kwance notin bayan kwana biyu ka ga man ya koma kamar shayi mai madara, ya daina riƙe giya. Maganin tiyo ne siriri, a cire hancin a sa bakin tiyon a gurbinsa, a ja tiyon sama can ƙarƙashin bodi ko cikin bonet, a bar masa sassauci don hawa da saukar aksil, a sa 'yar matata a ƙarshensa. Mu da ke tsallake rafuka tun daga Yuli har Satumba, wannan ya kamata a fara yi mana kafin a taɓa ƙarfe. Mai garejin da ya karɓi kuɗina ko kallon hancin bai yi ba, da na duba laka ta toshe shi ƙam, wanda shi ma kan sa iska ta matsa ta turo mai ta bakin sil.

Man ma an cuce mu a kansa. Aksil man giya yake so mai lambar GL-5, irin su 80W-90, domin haƙoran giyan nan gogar juna suke yi da matsi mai tsanani. Sai a auno maka wani abu daga jarka marar suna a cikin gorar ruwa, wani ma baƙin man inji yake ɗurawa ya ce duk mai ne.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani abokin aikina da dutse ya fasa wa ƙoƙo ya aika aka sayo masa kan giya na hannu. Mai shagon ya ce duk Hilux Hilux ce. Ƙarya ne. Akwai mai haƙora 41 a babban giya da 10 a ƙarami, akwai 43 da 10, akwai 41 da 9, kuma dole na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya. A kan kwalta bai ji komai ba, tunda baya kaɗai ke ja. Ranar da ya sa taimako, gaba na gudunsa daban, baya na nasa daban, mota na ƙugi tana turjewa, ƙarfin duk ya koma kan farfela da akwatin taimako. Ƙirga haƙora bai fi minti biyar ba. Da ya mayar, aka nuna masa rubutun da ke jikin rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, kayan gyara sun yi tashin da mai mota ɗaya ba ya iya sayen abu sau biyu. Kuɗin buhunan masara nawa ke nan suka tafi a banza?

In a cikin gari ne mota ta tsaya, ka kira makaniki ka hau babur ka tafi gida. A dajin Danko-Wasagu fa? Kowa ya san halin tsaron da ake ciki. Direba na lissafin ya fita daga wasu wurare kafin la'asar ta yi sanyi, a bayansa ga mata da yara, wani lokaci ga mai naƙuda ko maras lafiya da ake ƙoƙarin kaiwa asibiti a Zuru, waya babu sabis. A irin wannan wuri ne aksil ɗin da aka gasa da walda zai ce ya gaji. Wanda ya yi aikin yana gida yana cin tuwo, mu ne a tsaye a daji muna waige-waige. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan a matsayin ƙaramin kuskuren sana'a. Rayukan mutane ake wasa da su.

Makanikai da masu walda suna da ƙungiyoyi, suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin mako. Su tara yaransu su koya musu inda ake maƙala as, da dalilin zubar da mai, da yadda ake auna kaurin faranti. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru nan a Birnin Kebbi da malaman injiniya, a nemi su zo su yi bita ko ta yini biyu ce. Wanda bai iya aikin aksil ba ya ce bai iya ba, ya tsaya kan ƙofa da taga, babu wanda zai zage shi. Masu sayar da kayan gyara kuma su rubuta adadin haƙora a jikin rasit, in ya saɓa su karɓi kayansu.

Nawa farantin na sa an yanke shi, an canja sil da boris da takalman birki duk daga aljihuna. Na kai ƙara wurin shugaban masu garejin layin, na ajiye masa tsohon boris ɗin a kan tebur ya ga tabon wutar da idonsa. Kuɗin aikina nake so a dawo min da shi, da kuɗin kayan da aka ƙona, kuma ba zan karɓi "a yi haƙuri" a madadinsu ba.