Koriyar fitila a kan VPN ba ita ce shaidar hanya ta buɗe ba

Ana saura mako biyu a fara aikin Hajji, wani ɗan'uwa mai hidimar alhazai ya kira ni daga Jidda. An haɗa ofishinsa da masaukinsu na Makka ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet da ake kira rami, na'urorin biyu suna nuna koriyar fitila, alamar rami ya tashi, amma ma'aikatan Makka sun kasa kaiwa ga kwamfutar Jidda da ke ɗauke da sunayen alhazai. Ya riga ya ɗora laifin a kan kamfanin intanet. Na ce masa, "Alhaji, ka karanto mini adireshin cikin gida na wuraren biyu tukuna." Dukansu a kan 192.168.1.0 suke, wato adireshin da rauta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da intanet, ta zo da shi daga shago.

Abin da nake so masu haɗa mana sadarwa su gane shi ne, tashin rami yana nufin IPsec, tsarin da ke kulle saƙonnin cikin ramin, ya gama musayar mabuɗi ne kawai, kuma wannan bai ce komai ba game da hanyar da saƙo zai bi. Idan kwamfutar Makka ta nemi kwamfutar Jidda a 192.168.1.20, ɗauka take yi maƙwabciyarta ce a gini ɗaya, sai ta yi ta cigiyarta a nan, saƙon bai ko isa ga rauta ba balle ya shiga rami. Abin yana damuna, domin adireshin cikin gida ba tsada gare shi ba: duk jerin da ya fara da 10 an ware shi ne don wannan aiki, kyauta, amma mai haɗawa ya bar abin yadda ya same shi saboda gaggawa.

Mun mayar da Makka kan 192.168.20.0. Ping, wato ɗan saƙon gwaji, ya fara tafiya, amsa ba ta dawowa, domin rautar Jidda ba ta san hanyar komawa ba, kuma tana sauya adireshin saƙonnin kamar masu fita intanet, abin da ake kira NAT. Muka rubuta mata hanyar, muka cire su daga NAT.

Saura manyan fayiloli da ke maƙalewa, saboda IPsec yana ƙara wa saƙo nauyi har ya wuce bytes 1500 da layi ke ɗauka a gutsure ɗaya. Rage MSS, wato iyakar girman kowane gutsuren saƙo, zuwa 1360 ya warware wannan. Kafin mu yi sallama, na roƙi Alhaji ya sa a rubuta adireshin kowane ofis a takarda a manna kusa da rauta, tun da ya ce suna shirin buɗe na uku a Madina.